Ruwan Da Na Mayar Wa Tolga

Masu karatu, kafin in ba ku labarin Lahadin da aka zo neman aurena, wajibi ne in faɗa muku abin da na shekara goma sha uku ina ɓoyewa a ƙarƙashin manyan riguna. Kunyar ba ta bar ni ba har yanzu. Amma in na yi shiru, za ku ɗauke ni marar tarbiyya, kamar yadda rabin unguwarmu ta Uskudar ta ɗauke ni a yau.

Sunana Nesrin, shekarata ashirin da bakwai, ina haɗa magani a wani kanti kusa da tashar jirgin fito. Tun da na fara girma, ƙirjina na hagu bai bi ɗan'uwansa ba. Na dama ya yi abin da ya kamata, na hagu ya tsaya inda yake. Na koyi cusa auduga, na koyi sakin gyale har ciki, na koyi ƙirƙiro ciwon kai duk ranar da goggonnina suka shirya zuwa gidan wanka na mata. Na saba, kuma ban taɓa yi wa Ubangijina ƙorafi ba.

Umma ce ba ta saba ba. Da Tolga ya fara zancen turo manyansa, sai ta tasa ni gaba.

"Rigar amarya ba ta san auduga ba, Nesrin. Tela za ta gani, uwar miji za ta ji, kafin sati Istanbul ta sani."

Tolga dillalin motoci ne, mai tsabta, mai ƙamshi, mai iya gaisuwa. Da kaina na gaya masa lalurata, don ban yarda in shiga gidan mutum da yaudara ba. Ya ce, "Ke nake so, ba riga ba." Na yi kuka a jirgi ranar. Bayan kwana biyu saƙonsa ya shigo: "Ina da aboki likitan gyaran jiki, Koray, tare muka yi aikin soja. Don hankalinki ya kwanta kawai."

Ban amsa ba sai da na je wurin malamar da nake ɗaukar karatu a hannunta. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Gyara abin da ya tawaya daban, ƙari don ƙawa daban. A daidaita, kada a wuce." Da wannan sharaɗin na haye ruwa zuwa asibitin Likita Koray.

"Nesrin Hanim, naki mai sauƙi ne," in ji shi, yana zane a takarda. "Jaka biyu za mu sa, ta hagu babba, ta dama ƙarama don siffar ta zo ɗaya. Ruwan gishiri ne a ciki, irin wanda kike sayarwa a kantinku. Kowace jaka tana da siririn bututu mai kai kamar maɓalli, zan bar shi a ƙarƙashin fata kusa da hammata. Duk bayan mako biyu ki zo in soka allura a maɓallin, in ƙara ko in rage. Ranar da kika ce ya yi, sai in cire maɓallan. Daga nan ƙofa ta rufu. Mai son canji sai dai sabuwar tiyata."

"Nawa ne adadin?"

"Mililita ɗari biyu da tamanin a hagu, ɗari da hamsin a dama."

Na fito da ɗan littafina na rubuta. Ya yi dariya, ya ce ashe masu haɗa magani ba sa hutu.

Aka yi tiyata, na warke, na fara zarya. Ni da Umma muke hawa jirgin safe, tana saƙa, ina tasbihi a cikin aljihu. Duk sirinjin da ya shiga jikina sai na rubuta shi. A wata na huɗu na ga lissafi ya zarce.

"Likita, mun wuce adadi."

"Da gangan ne. Ana cika jakar fiye da kima don fata ta saki, daga baya a rage."

Na koma gida na bincika, na tarar lallai ana yin haka. Sai na haƙura da ciwon bayan da ke kama ni a ruku'u, da rigunana da suka daina rufuwa, da idanun mazan jirgi waɗanda a da ba su san ina duniya ba. Duk ranar allura Tolga sai ya rubuto: "Yau ce ko? Jarumata." Wani lokaci ya ƙara da, "Turo min hoton sabuwar riga mana." Ban taɓa turawa ba. Mahaifiyarsa, Sabiha Hanim, ta aiko min da rigar da zan sa ranar neman aure, ruwan hoda mai duwatsu a wuya. Na gwada, ƙirjin ya yi min yawa. Na ce tela ta yi kuskure. Bayan allura biyu rigar ta zauna ɗas, ni kuwa, da duk karatuna, ban tambayi kaina yadda tela ta san awon da ban kai ba tukuna.

Saura kwana goma sha biyu a zo, ranar Talata, na je ni kaɗai. Likita yana ɗakin tiyata, sai nas ɗinsa Gulay ta karɓe ni. Yarinya ce mai kirki, bakinta ne kawai ba shi da marfi.

"Yaya Nesrin, Alhamis ta makon gobe za a cire maɓallan, ki huta da allura."

"Ranar za a rage ruwan ke nan?"

"Wane ragi kuma?"

Ta juyo min da fayil. Adadin da muka yi da likita an ja masa layi. A samansa an rubuta ɗari uku da tamanin, da ɗari biyu da hamsin. A gefe, da ƙananan haruffa: bisa buƙatar iyali.

"Wane iyali, Gulay?"

"Tolga Bey mana. Sau uku yana kira. Ya ce ke mai kunya ce, ku masu ɗankwali ba kwa iya faɗa da bakinku. Wallahi kin dace, Yaya. Nawa mijin ko kaina na aske ƙwal, sai dai ya tambaye ni ina abinci." Ta jawo wayar asibiti tana murmushi. "Ga ma saƙonsa, kin ga soyayya."

Na karanta. Ga shi kamar yadda yake, ban ƙara ko wasali ba:

"Koray, ƙara ɗari-ɗari. Kar ka tambaye ta, za ta ce a'a. In ka cire maɓallin shi ke nan, za ta saba. Ni zan zauna da abin, ba malamarta ba."

Masu karatu, ban suma ba, ban ɗaga murya ba. Abin da na ji shi ne nauyin ruwan nan, karo na farko, a matsayin kayan wani da aka ajiye a jikina ba da sanina ba.

"Turo min shi, Gulay, har da hoton fayil ɗin," na ce. "In ajiye wa jikokinmu."

Ta tura, har da alamar zuciya.

Na tarar da Umma a kicin tana naɗe shinkafa a ganyen inabi. Kaka Hafize, mahaifiyar Baba, tana kujerarta ta bakin taga da carbi. Shekara uku ke nan gidan ya yanke cewa Kaka ba ta ji, ita kuma ba ta musa ba. Na miƙa wa Umma wayar. Ta karanta, ta goge hannu, ta ci gaba da naɗi.

"To, sai me?"

"Kin sani ke nan."

"Sabiha Hanim ta ɗan taɓa min zancen. Namiji ya nuna abin da yake so tun kafin aure, ai ya fi wanda zai je nema a waje."

"Jikina ne, Umma."

"Jikinki ne, ni na haife shi. Ki saurara. Goggonki ta sayi tikitin mota daga Bursa. Na wanke labule, na ari kujeru. Babanki kuwa har yau ya ɗauka ƙari aka cire miki a ƙirji. Kina so ya ji gaskiya a gaban baƙi? Ki haɗiye, 'yata. Dukanmu mun haɗiye wani abu."

Ta fita amsa waya. Kaka ba ta juyo ba, carbinta bai tsaya ba.

"Ke za ki dafa gahawa ranar Lahadi?"

"Ni ce, Kaka."

"Kun mayar da gishirin nan wasa. Amarya ta ɗan barbaɗa wa ango, ya shanye, a tafa, a ɗauki hoto. A zamaninmu yarinya ba ta da baki a falo, ƙoƙon gahawa ne bakinta. Sukari, ta yarda. Gishiri, a tattara takalma." Ta ja ƙwaya ɗaya. "Ni sukari na sa wa kakanki. Tsoro na ji."

Ba zan yi muku ƙarya in ce na nemi Allah ya cire min fushin ba. Na roƙe shi ne kada in wuce iyaka. An halatta wa wanda aka zalunta ya rama daidai da abin da aka yi masa, ni kuwa awo ne sana'ata.

Akwai wata dattijuwar likitar tiyata, Aysel Hanim, da ke sayen maganin hawan jini a kantinmu. Na kai mata fayil da saƙon. Ta karanta sau biyu, ta cire tabarau, ta faɗi wata kalma a kan Koray wadda ba zan rubuta ba. Ranar Juma'a ta kwantar da ni, ta soka allura a maɓallin hagu. Na ga ruwan yana hawa sirinji, fari tas, kamar bai taɓa cutar da kowa ba. Ɗari daga hagu, ɗari daga dama. Na ja numfashi har ƙasan huhu, abin da na yi wata biyu ban yi ba.

"Duba madubi. Ya yi?"

"Ya yi daidai."

"Ke kika faɗa, ko wani ya aiko ki?"

"Ni na faɗa."

Ta yi min allurar kashe zafi, ta cire maɓallan biyu, ta ɗinke. Da ta ɗauki kwanon ruwan za ta zubar, na ce ta juye min shi a kwalba mai tsabta. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Ba zan tambaye ki ba, 'yata."

Na aika wa asibitin Koray cewa mura ta kama ni, a ɗaga Alhamis. Kwana tara na koma cusa auduga, wannan karon don kada Umma ta ga abin da ya ragu. Na yi dariya ni kaɗai a gaban madubi, dariyar da ba ta da daɗi.

Lahadi bayan azahar suka iso: Tolga cikin kwat ruwan toka, da mahaifinsa Nejdet Bey, da Sabiha Hanim, da kawunsa Rifat wanda zai yi magana. Furanni a hannun Tolga, cakulan jere a kan tiren azurfa. Na zuba musu turaren lemo a tafin hannu, na sumbaci hannun manya. Rigar ruwan hoda tana rataye a ɗakina. Na sa tsohuwar rigata koriya, wadda na ɗinka tun kafin tiyata, na kuma yafa babban gyale a kanta.

"Ina rigarmu, 'yata?" in ji Sabiha Hanim, tana murmushi da haƙora kawai.

"Ta yi min yawa, Sabiha Hanim."

Umma ta harare ni. Maza suka shiga hirar cunkoson gada, Nejdet Bey yana cewa in la'asar ta yi, ko motar asibiti ba ta wucewa. Baba, wanda ya yi shekara talatin yana koyar da tarihi, yana gyaɗa kai, hannunsa a kan gwiwa, ya sa taye ɗin da ya yi aure da shi.

Aka ce amarya ta kawo gahawa. A kicin 'ya'yan goggona sun kewaye ni da wayoyi suna ɗauka. Na dafa ta manya a tukunyar jan ƙarfe, kumfa ya tashi yadda ake so. Ta Tolga na dafa daban.

"Kaɗan fa, Nesrin, kar ki kashe mana ango."

Na sa gishiri cokali uku, a cike. Suka kwashe da dariya. Na ce su je su kama wuri a falo. Da kicin ya zama ni kaɗai, na cire gyalen, na zare audugar na jefa a shara, na ɗauko kwalbar daga jakata. Kofin ruwan da ake ajiyewa kusa da gahawar ango na cika da ita. Ya tsaya daidai baki, kamar don shi aka yi kofin.

Na raba wa manya, na zo gabansa da ƙaramin tire. Ya ɗaga ƙoƙon yana kallon wayoyi, ya kurɓa. Jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Shanye, ɗana," in ji Kawu Rifat. "Wanda bai iya da gishirin mace ba, ina zai iya da harshenta?"

Ya shanye, idonsa ya kawo ruwa, aka tafa. Ya kai hannu ga kofin.

Na yi niyyar hana shi, Allah ne shaidata. Amma bakina ya makara da daƙiƙa guda, kuma har yau ina neman gafara a kan daƙiƙar nan, ba kullum da zuciya ɗaya ba. Ya kurɓa, ya haɗiye, fuskarsa ta yamutse.

"Wannan ba ruwan sha ba ne, Tolga Bey," na ce, ban ɗaga murya ba. "Kayanka ne. Ɗari da ɗari, yadda ka umarci Koray. Da kaina na auna. Babu abin da ya ɓace sai wanda ka haɗiye yanzu."

Idonsa ya sauka daga fuskata, ya tsaya inda bai kamata ba, ya dawo. A gaban mahaifina ya yi haka.  Wayoyi suka sauka ɗaya bayan ɗaya.

"Nesrin, wasa ne tsakanina da aboki," ya ce ƙasa-ƙasa. "Don ke na yi."

"Shi ya sa na dawo maka da shi. Ban saba riƙe kayan mutane ba."

"Wane kaya ake magana?" in ji Baba.

Kawu Rifat, wanda bai fahimci komai ba sai cewa jirgi na neman kifewa, ya gyara murya da sauri. "To, da umarnin Allah, bisa sunnar Manzonsa, mun zo nema wa ɗanmu Tolga auren 'yarku Nesrin."

Baba ya juya ga mahaifiyarsa, don ita ce babba a ɗakin. Kaka ta ɗago.

"Cokali nawa kika sa, yarinya?"

"Uku, Kaka."

"To me kuke jira? Ai ta amsa."

"Kaka ba ta ji sosai," in ji Umma, tana dariyar dole.

"Ina ji tun ranar Talata," in ji Kaka.

A nan ne abin ya zo inda nake tsoro. Baba ya miƙo min hannu. Na san in na ba shi wayar, sirrin da na ɓoye masa tun ina 'yar sha huɗu ya fita ke nan, ba kuma zai koma ba. Na buɗe saƙon, na sa masa a tafi. Ya ɗauko tabarau. Ya karanta a hankali, leɓunansa suna motsi, kamar yadda yake duba takardar ɗalibin da ya ba shi kunya. Ya duba hoton fayil. Kunnuwansa suka yi ja. Ya dubi Umma.

"Ashe ba ƙari ba ne."



Ya miƙe, ya ɗauki tiren cakulan ya ɗora wa Tolga a cinya, ya ɗora kofin ruwan a tsakiyar cakulan. Sannan ya je ya buɗe ƙofar gida, ya tsaya a gefenta.

"Nejdet Bey, ka ce gada tana cushewa in la'asar ta yi. Gara ku kama hanya."

Sabiha Hanim ta tsaya sa takalmi tana cewa 'yan matan yanzu ba su san alheri ba, wa zai ɗauki wadda aka riga aka yanka. Baba ya jira ta gama, ya rufe ƙofa a hankali. Bai dube ni ba. Ya wuce ɗakinsa, Umma ta shige kicin tana kuka da famfo a buɗe, goggo ta fara tambayar motar Bursa ta ƙarshe.

Na yi la'asar, na zauna a kan darduma. Na rama, kuma ba zan ce ban ji daɗi ba. Amma rashin kallon nan na Baba ya tsaya min a wuya fiye da gishirin da Tolga ya sha.

Kafin magariba aka ƙwanƙwasa. Baba ne. Bai shigo ba, ya tsaya a bakin ƙofa, taye a kwance, idonsa a kan kafet.

"Yana miki ciwo?"

"Ya daina, Baba."

"Shekara goma sha uku," ya ce. "Ina koyar da abin da ya faru shekara ɗari biyar da suka wuce, ban san abin da ke faruwa a ɗaki na biyu ba."

Sai wayata ta yi ƙara a kan gado. Tolga ne.

"Kin ci mutuncina a gaban ubana. Kar ki manta Koray yana da hotunanki, na kafin tiyata da na bayanta. Ki yi tunani kafin ki sake buɗe baki."

Na tsorata, ba zan ɓoye muku ba. Amma a cikin durowata akwai ambulan da na rufe tun ranar Juma'ar da aka zuƙe ruwan: takardar ƙara zuwa hukumar likitoci, da hoton fayil, da saƙon farko. Aysel Hanim ta gaya min waɗannan sun isa Koray ya yi bayani, sai dai Tolga ba likita ba ne, da wuya hannu ya kai kansa, in ba shi ya miƙo wuyansa a rubuce ba.

Na ɗauki hoton saƙon, na adana shi wuri uku. Na rubuta masa: "Na gode. Wannan kaɗai ya rage min."

Na miƙa wa Baba wayar, karo na biyu a yini ɗaya. Ya karanta, ya mayar min. Wannan karon ya dube ni, ido cikin ido, sannan ya kai hannu ya gyara taye ɗinsa, ya ja shi har wuya.

"Ofishin mai gabatar da ƙara ƙarfe nawa suke buɗewa?"

"Takwas da rabi, Baba."

"To jirgin bakwai za mu hau. Ki zo da littafin nan naki na awo."